Golan Minti Ɗaya

Mijina gola ne, in dai zama a benci da safar hannu ana kiransa tsaron raga. Shekara goma sha ɗaya yana cikin ƙungiyar ƙwallon kamfanin kwali, inda yake aiki a kan injin yanka, kuma in aka tara duk lokacin da ya tsaya a raga a waɗannan shekarun, da ƙyar zai isa a dafa shinkafa.

Ba laifin kowa ba ne. Allah bai ba shi tsawo ba, sai ya ba shi tumbi. Amma da shi aka kafa ƙungiyar, shi ya roƙo tsoffin bututun ƙarfe aka yi turakun raga, kuma ko ruwa ake tsugawa shi ne farkon zuwa atisaye. Ba wanda zai iya buɗe baki ya ce masa ya zauna a gida. Sai suka samo masa hanya: duk ranar da suka wuce abokan karawa da ci uku, kuma saura minti ɗaya a tashi, sai a fitar da Dogo, golansu na gaske, a saka shi. 'Yan kallo su yi ta shewa, shi kuwa ya tsaya yana tafa safar hannu yana zare ido, har alƙalin wasa ya hura usur. Daga nan suna ya bi shi, Minti Ɗaya. Mai kantin bakin layinmu ma haka yake kiransa, kuma amsawa yake yi da fara'a.

Ni ban taɓa taka filin ba. Ɗinki nake yi a gida, ina da abin yi, kuma in faɗi gaskiya kunya nake ji. Abin da na iya shi ne tsokana. In ya dawo ranar Asabar ya rataye jakarsa a bayan ƙofa, sai in ce, "Baban yara, yau ka taɓa ƙwallo kuwa?" Ya ce, "Na taɓa mana, ni na hura mata iska." Mu yi dariya tare. Ni a zatona tare muke yin ta.

A kakar bana suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka ƙare a saman tebur. Ya shigo gida bakinsa har kunne, na dubi hannunsa na dama, na dubi na hagu, na ce, "To ina kofin?"

"Ai ba a kai nan ba tukuna," ya ce. Ya jawo kujera kusa da keken ɗinkina, ya ɗebi maɓallai takwas daga gwangwani ya jera su a kan yadin mutane. "Kin ga mu takwas ne. Kowa ya kara da kowa sau biyu, gida da waje, aka tara maki. Wannan duk share fage ne. Huɗun ƙasa sun tafi gida." Ya ture maɓallai huɗu gefe, ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado. "Huɗun sama su za su shiga zagayen kofi. Na ɗaya ya haɗu da na huɗu, na biyu da na uku. Wasa ɗaya tak, wanda aka ci ya tattara kayansa. Biyun da suka rage su buga na ƙarshe."

"Wato wahalar wata bakwai ta tashi a banza kenan? Na huɗu zai iya zuwa ya ɗauke kofin a gaban idonku?"

"Zai iya. Shi ya sa fili yake cika, don ba wanda ya san abin da zai faru. Amma ba a banza ba. Wanda ya fi maki, a filinsa ake bugawa. In kuma aka tashi kunnen doki, shi ne ya ci. Babu ƙarin lokaci, babu fanareti, don rabin 'yan wasan ƙarfe shida suke komawa bakin aiki."

Na ce ya tashi ya nemo mini maɓallina, don na rigar amarya ne. Ya durƙusa yana laluben ƙarƙashin gado yana ci gaba da bayani, ni kuwa na ci gaba da taka keke.

Wasan kusa da na ƙarshe da ma'aikatan ruwa suka yi, suka ci biyu da ɗaya. Sai dai daf da tashi Dogo ya yi tsalle ya ture wata ƙwallo, ya faɗo a kan turken raga, wuyan hannunsa ya karye. Aka tafi da shi asibiti aka ɗaure hannun. Wasan ƙarshe saura kwana bakwai, da direbobin bas, waɗanda suka zo na biyu.

Ranar Laraba da yamma Kyaftin ya zo gidanmu. Shi ne mai tuƙa motar ɗaga kaya a kamfanin, kuma shi ne komai na ƙungiyar, don ba su da koci. Yaro ne mai ladabi, mijina ya girme shi da shekara goma sha biyar. Ya gaishe ni har ƙasa, ya zauna a bakin kujera, na kawo masa shayi ya riƙe kofin bai sha ba. Ina daga bakin keke ina jin su, don falon namu da ɗakin ɗinkin labule ne kawai tsakani.

"Yaya, ka san dokar nan," ya ce. "Ba mai buga zagayen kofi sai wanda ya buga wasa uku a kakar. Sun yi ta ne don kada wani ya ɗauko ɗan wasan haya a ƙarshe. Mun je wurin kwamiti mun roƙa a bar mu mu sa sabon gola, sun ce ko kusa. Suka buɗe takardu. Ashe ko minti ɗaya mutum ya shiga, wasa guda ake rubuta masa. Bana sau uku muka saka ka. A duk kamfanin nan, ban da Dogo, kai kaɗai ne golan da doka ta sani."

Na tsayar da keken.

"To, ga abin da muka yi shawara," Kyaftin ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ƙanin matata ya taɓa tsaron raga a babban kulob. Gajere ne, mai faɗin fuska kamar ka. Hoton da ke katinka na ɗan wasa kuwa tun na farkon kafa ƙungiya ne, ya koɗe, ba mai gane kowa a ciki. Zai sa hula ya ja ta gaba. Direbobin nan ba su san ka sosai ba, namu kuwa ba mai magana. Sunanka za a rubuta a takarda, Yaya. In aka ci kofin, sunanka ne a ciki."

Na jira in ji ya kore shi. Abin da na ji shi ne ƙarar kujera, da muryar mijina yana cewa, "Bari in ɗauko maka katin."

Katin a aljihun tebur na ɗakin kwana yake, cikin leda, tare da takardar haihuwar yara. Na riga shi isa. Ya shigo ya tarar da ni tsaye, katin a hannuna.

"Ba ni, Maman yara."

"Ba zan bayar ba."

"Ƙungiya ce. Shekara goma sha ɗaya muna neman ranar nan. Ba zan zama ni na zubar musu ba."

"Sai ka ba wani ƙato sunanka ya sa kamar aron riga? Kai kana ina a lokacin? Ko a bencin ma ba za ka iya zama ba, don kana cikin raga a takarda. Ɓoye ka za su yi a bayan sito. Wallahi in katin nan ya fita daga gidan nan, da ƙafata zan je teburin kwamiti in faɗa."

Mijina ba mai faɗa ba ne. A zamanmu ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Yau kike ganin ni gola ne? Ke da kike tambayata ko na taɓa ƙwallo. 'Yan kallo in sun yi dariya ina barinta a fili. Taki ce nake kwana da ita."

Maganar ta dake ni, don gaskiya ce, kuma ban taɓa sani ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ta kaina, ba tasa ba. Amma ni mai taurin kai ce tun a gidanmu. Na cusa katin cikin rigata, na ɗaga labule na ce wa Kyaftin, "Ƙanena, shayinka ya huce. Je ka gida, za ka ji daga gare shi." Ya tashi sumui-sumui ya fita, har ya manta da makullin babur ɗinsa sai da ya dawo.

Washegari da safe yana shirin fita aiki, ya tsaya a kaina ya miƙo hannu. "Ba ni katin." Na dube shi. Nasa ne, ba nawa ba, kuma na riga na faɗi abin da zan faɗa. Na miƙa masa, raina a jagule. Ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Sai ya ciro gajeren wandon wasansa daga jaka ya ajiye a kan keke.

"Ki buɗa mini ƙugun nan," ya ce. "Ya isa minti ɗaya, amma wanda zai yi casa'in yana bukatar numfashi."

Ya fita kafin in samu bakin magana. Na ajiye rigar amarya, na farke ƙugun na ƙara masa yatsa uku, na bi duk ɗinkin sau biyu. Da yamma na tambaye shi yadda suka yi da Kyaftin. Ya ce, "Na ce masa katina ne, ni zan riƙe shi a gaban alƙali. Ya ce in muka sha kashi a kaina ne. Na ce na ji." Abincin ma kaɗan ya ci.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu na je filin, karo na farko a rayuwata. A bayan kamfanin yake, tsakanin sito da katanga. An kewaye shi da igiya, an jera katakai a kan bulo don zama, wasu kuma sun hau kan tulin kwalaye. An yi ruwa da safe, gaban raga duk taɓo ne. Direbobin sun zo da bas biyu cike da magoya baya, suna ta danna oda. A gefe ga tebur da farin ƙyalle, kofin a kai. Na samu wuri a kan katako tsakanin wata mata mai goyo da wani dattijo mai lema, ba wanda ya san ni.

Da 'yan wasa suka jeru alƙali yana duba katuna, sai aka gane wanda ke sanye da rigar gola. Dariya ta tashi daga ɓangarenmu kafin ta tashi daga nasu. Dattijon ya ce, "Shi ke nan, mun ba da kofi kyauta." Na ƙura wa mijina ido yana tafiya zuwa raga, ƙafafunsa gajeru, wandon ya zauna masa daidai.

Minti bakwai aka ci shi. Ba ma wata ƙwallon kirki ba ce, wani ne ya ɗan taɓa ta daga nesa, ta taho tana birgima a hankali. Ya sunkuya zai ɗauka, ta zame a taɓo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Filin ya kaure da ihu. Kyaftin ya ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni na jawo masa. Da na bar shi ya ba da katin, da yanzu yana bayan sito da mutuncinsa.

Ya shiga raga ya ɗauko ƙwallon da kansa, ya goge ta a rigarsa, ya wurga tsakiya. Sai na ji wata murya ta ratsa duk hayaniyar nan. Sai da na waiga neman mai ita kafin na gane daga raga take fitowa.

"Kai Bature! Lamba tara ba ya bugawa da hagu, tura shi hagu! Tura shi na ce! Ƙwaro, koma baya taku biyu, lamba bakwai in ya kalli ƙasa sama zai bugo!"

Mutumin da a gida sai na ce "me ka ce?" sau biyu kafin in ji shi. Ashe wurin injin yanka ya koyi magana a kan ƙara, bai dai taɓa samun dalilin yin ta a waje ba. Da farko 'yan bayan suka yi kamar ba su ji ba. Sai lamba bakwai ya kalli ƙasa ya bugo sama, daidai inda aka ce, Ƙwaro ya sa kai ya cire. Ya juya ya kalli mijina. Daga nan duk abin da ya faɗa yi suke.

Sai a lokacin na gane abin da yake yi a bencin nan duk shekarun nan. Sauran suna gudu, kowa ƙafarsa yake kallo. Shi ba shi da aiki sai kallon mutane. Ya san wanda ke gajiya bayan rabin awa, ya san wanda in aka matse shi sai ya yi fushi ya buga a banza, ya san ma wanda gwiwarsa ke ciwo tun bara. Bai iya tsalle ba, don haka ya hana ƙwallon isowa inda za a bukaci tsalle. Wadda ta iso kuwa ya tare ta da abin da Allah ya ba shi: ɗaya da ciki, ɗaya da gwiwa, ɗaya da kafaɗa, ko kyan gani babu. Dogo na tsaye a bayan raga da hannu a rataye, yana ihu yana buga katanga da lafiyayyen.

An dawo hutun rabin lokaci da minti goma sha biyu muka samu kwana. Aka bugo, Kyaftin ya tashi sama ya sa mata kai, raga ta girgiza. Ɗaya da ɗaya. Ban san na miƙe ba sai da na ga lemar dattijon a hannuna ina kaɗawa. Maimakon ya tsaya murna, Kyaftin ya ruga da gudu tun daga can har ragarmu, ya dafa kafaɗar mijina ya faɗa masa wani abu, ya koma.

"Yanzu fa kofi namu ne in aka tashi a haka," na ce wa mai goyon. "Mu muka fi maki. Su ne dole su ci." Ta ce ashe na san ƙwallo. Na ce a gida aka koya mini.

Direbobin ma sun san dokar. Suka taso mana gaba ɗaya, har 'yan bayansu suka tsallako tsakiya. Rabin awar nan ban zauna ba. Muryar mijina ta dushe, amma bai daina ba, yana nuni da hannu yana jan wannan yana tura wancan. Sau ɗaya lamba tara ya kuɓuce ya taho shi kaɗai. Mijina ya fito ya tare masa dama, ya bar masa hagu a buɗe kamar yana cewa bismillah. Lamba taran ya buga da hagun, ƙwallon ta tafi can kan rufin sito. Dattijon ya ce, "Kai, wannan tsoho shu'umi ne!"

Daf da tashi suka samu kwana. Har golansu ya baro raga ya taho. Mutum ashirin suka cunkushe a taɓon nan, aka bugo, ƙwallon ta daki kan wani ta daki bayan wani, ta faɗo ƙasa taku ɗaya daga layi. Na ga ƙafafu huɗu sun ɗaga za su dake ta. Sai mijina ya faɗa a kanta gaba ɗayansa, kamar buhu ya faɗo daga mota. Takalma suka sauka a bayansa da haƙarƙarinsa, mutane suka zube a kansa. Alƙali ya duba agogo, ya hura usur sau uku.

Abin da ya biyo baya ba zan iya faɗa daidai ba. Tulin kwalayen ya rushe da mutanen da ke kai, wani ya shiga kamfani ya danna jiniyar tashi daga aiki, 'yan wasa suna rungume juna suna birgima a taɓo. Ni dai na ga an ɗaɗɗaga mutane daga gaban raga, shi kuma yana nan kwance bai motsa ba. Na yar da lemar na nufi fili. Mai gadin kamfani ya tare ni a bakin igiya.

"Baiwar Allah, ina za ki? 'Yan wasa ne kawai da iyalansu."

"Matar gola ce ni."

"Wane golan?"

"Wancan da ke kwance a kan ƙwallo. Mijina ne. Ɗaga mini igiyar nan."

Da ƙarfi na faɗa, duk wanda ke wurin ya ji. Ya ɗaga.

Na same shi ruf da ciki, ya ƙanƙame ƙwallon da hannu biyu, fuskarsa a taɓo, idonsa a rufe. Na durƙusa da atamfata mai kyau na dafa bayansa.

"Baban yara, saki. An tashi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ba ta shiga ba?"

"Ba ta shiga ba. Ɗaya da ɗaya. Kofin naku ne."

Ya daɗe yana kallona, hawaye suna wanke masa taɓon fuska. Muryar ta tafi, sai da na kai kunne kusa na ji abin da yake cewa. "Ashe kin zo."

"Na zo. Tashi, ana jiranka."

"Gwiwoyin sun ƙi."

Kyaftin ya iso yana haki, ya ce, "Anti, kama can." Ya kama hannu ɗaya, na kama ɗaya, muka ɗaga shi tsaye. Duk kamfanin yana kallo, kuma ban saki hannunsa ba har gaban teburin da kofin yake.